Wace hula ce za ta tare bututu?

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Na saurari shirinku na daren Talata, kuma har yanzu raina a ɓace yake. Baƙonku ya zauna a ɗaki mai sanyi yana ta nanata cewa sakacin ma'aikatan mai ne ke jawo musu rauni, wai ba sa son sa hular kwano da safar hannu. Mai gabatarwa kuwa sai "haka ne" kawai yake bin sa da shi.

To, ƙanena yana sanye da hularsa da takalminsa mai ƙarfe a baki ranar da abin ya same shi. Suna sauke bututun gas daga tirela. Igiyar ƙarfen injin ɗaga kaya ta riga ta fara warwarewa, silin wayoyinta sun miƙe kamar ƙayar bushiya. Kwana uku suna roƙon foman a canja ta, yana cewa a lallaɓa, aiki ya yi baya. Ta tsinke. Ku gaya mini, wace hula ce za ta tare ƙarfen da ya fi ƙaramar mota nauyi? Yatsu uku suka tafi a hannun dama. Yau matarsa ke ɓalla masa maɓallin riga, tuwo ma da hagu yake ci, shi ya sa ya daina cin abinci cikin mutane.

Ɗan kwangilar ya biya asibiti na mako biyu, ya miƙo albashin wata ɗaya a ambulan, shi ke nan. Da muka bi maganar diyya, ashe ko sunansa bai taɓa kaiwa NSITF ba, wato asusun gwamnati da ke biyan diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki, saboda lebura ne na wucin gadi. Alhali tun 2010 doka ta ce mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa a wannan asusu. Awa guda kuna magana, ko sau ɗaya ba a ambaci wannan ba. Ku gayyato mutanen NUPENG, ƙungiyar ma'aikatan man fetur da gas, mana, ko ma leburan da aka guntule wa hannu, a ji ta bakinsu.

Sannan don Allah ku duba layin wayarku. Sau goma sha ɗaya na kira a daren nan, bai shiga ba, amma tallar maganin basir sau huɗu kuka sako ta a tsakiyar shirin.

Mai sauraronku,
daga Rigasa, Kaduna