A bar mana makunni da taga

Assalamu alaikum Edita. Ka ɗan ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana da masu zana gine-ginen ofis na zamani, waɗannan da ake cewa suna sarrafa kansu.

Ni akanta ne, shekara biyu ke nan da aka mayar da mu irin wannan gini. Fitilar ofishinmu ba ta da makunni. Wata 'yar na'ura ce a jikin silin take kunna ta, ita kuwa motsin jiki mai ɗumi kaɗai ta sani. To ni aikina na zama ne shiru. Ina tsakiyar haɗa alƙaluma sai wuta ta ɗauke ɗif, sai na ɗaga hannu ina kaɗawa kamar mai tsayar da mota kafin ta dawo. Rannan baƙo ya shigo ya tarar da ni a haka, Allah kaɗai ya san abin da ya ɗauke ni.

Tagar ma gilashi ce a liƙe daga sama har ƙasa. Ranar da kwamfutar da ke kula da sanyin ginin ta rikice, wuni muka yi muna fifita da fayil, muna kallon iska tana kaɗa bishiyoyi a waje.

Ba ƙin ci gaba nake yi ba. Ginin The Edge da ke Amsterdam a ƙasar Holan yana da irin waɗannan na'urori kusan 28,000 masu auna haske da zafi da motsi, amma can ma'aikaci yana iya gyara haske da sanyin wurin zamansa daga wayarsa. Wanda ya fi burge ni ma shi ne ginin Eastgate na Harare a ƙasar Zimbabwe, da Mick Pearce ya zana aka buɗe a 1996. Daga suri ya ɗauko dabarar. Kankare mai kauri ya shanye zafin rana, da dare fankoki su jawo iska mai sanyi ta ratsa ginin, zafin ya fice ta bututan saman rufi. Wannan dabara a jikin bango take, ba ta jiran intanet.

Roƙona ga injiniyoyi da masu zane, ku sa na'urorinku, amma ku bar makunni ɗaya a bango, da taga ko guda mai buɗuwa, da ƙofar da hannu zai iya murɗawa ranar da katin buɗe ƙofa ya ƙi aiki.

Naku,
Wani ma'aikacin ofis