Wasiƙa ga Iyaye: Littafin Aro na Hutun Kirsimeti

Zuwa ga iyaye da masu riƙon yaran ajin reno da aji ɗaya zuwa uku,

Gaisuwa mai yawa. Yaya sanyin hunturu?

Ranar da za a tashi hutu, kowane yaro zai dawo gida da littafin hotuna guda daga ɗakin karatunmu. Roƙonmu ɗaya ne: a zauna da shi a karanta masa da baki, kada a miƙa masa a ce "je ka duba". Ɗan shekara huɗu bai fara haɗa baƙi ba, amma kunnensa a buɗe yake.

Yawancin littattafan tsofaffi ne, daga Amurka da Ingila. Akwai waƙar daren jajiberin Kirsimeti ta Clement Clarke Moore, wadda aka fara bugawa a jarida a 1823. Akwai labarin Grinch na Dr. Seuss, na 1957, game da wani mai baƙin rai da ya kwashe kayan bikin gari kakaf, da gari ya waye sai ya ji mutane suna waƙarsu, ko a jikinsu. Akwai kuma The Polar Express na 1985, mai jirgin ƙasan dare.

Wanda na fi so ku lura da shi shi ne The Snowman, wanda Raymond Briggs ya zana a 1978. Babu kalma ko ɗaya a cikinsa, hotuna ne zalla: yaro ya gina mutum da dusar ƙanƙara, cikin dare mutumin ya motsa, suka zaga gida, suka tashi sama tare. Iyayen da sukan ce mini "Malama, ni ban iya Turanci ba", to ga amsarku. Kaka ma za ta iya. A buɗe da "ga ta nan, ga ta nanku", a bar yaro ya ce "ta zo mu ji ta", a bi hoto da yatsa ana ba da labari da Hausa. Da safe mutumin ya narke, sai hula da sauran 'yan kayansa da ɗan tsibin ƙanƙara suka rage. Wasu yaran za su yi hawaye. Don Allah kada a tsallake shafin. A tambaye su ina suke jin ya tafi.

Tambayoyi kam za ku sha su. Mece ce dusar ƙanƙara? Mu a aji mukan ce 'yar'uwar ƙanƙarar da kan zubo da damina ce, sai dai ita taushi gare ta kamar auduga. Bututun hayaƙin da Baba Kirsimeti yake bi ya shiga gida kuwa, har yau ban sami bayanin da ya gamsar da 'yan aji biyu ba.

Littafin haihuwar Yesu bai buƙatar dogon bayani. Makiyaya masu kwana a daji da tumaki, jaki, komin dabbobi, duk yaranmu sun san su. Mai so ya haɗa da Luka sura 2 daga Littafi Mai Tsarki na Hausa. Iyalan da ba sa bikin Kirsimeti su gaya wa malamar aji, akwai littattafan tatsuniya.

Minti goma bayan cin tuwon dare ya isa. In yaro ya ce a maimaita, a maimaita, ko da karo na biyar ne.

A dawo da littafi a makon farko na sabon zango. In ya yage, a kawo shi haka nan, muna da gam.

Taku,
Shugabar Makaranta