Wasiƙa kan gwajin jinin Yaya

Assalamu alaikum, aminiyata.

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara, na rubuto ne saboda na ji an gaya miki cewa maganin Yaya ya daina aiki, kuma ba na son ki ci gaba da kwana da wannan damuwa alhali maganar ba haka take ba.

Tun da hoton ƙashi ya nuna sankarar mama da Yaya ke fama da ita ta kai ƙashin baya da ƙugu, likita ya sa ana ɗibar jininta lokaci zuwa lokaci domin auna wani sinadari mai suna CA 15-3, wanda ƙwayoyin sankarar ke zubarwa cikin jini, kuma a jikin mai lafiya lambar sakamakon yawanci ba ta wuce 30. Ba a daɗe da fara sabon magani ba sai sakamakon ya fito sama da na baya. Goggo na jin haka ta fashe da kuka, kafin magariba kuwa zancen ya zagaye dangi.

Likitan ya zaunar da mu ya yi mana bayani cewa a makonni 4 zuwa 6 na farkon magani lambar takan hau ko da maganin yana aiki, domin ƙwayoyin da yake kashewa suna zubar da abin da ke cikinsu. Ya ce ciwon hanta ma yakan ɗaga ta, sannan akwai matan da ciwon ya bazu a jikinsu amma tasu lambar ba ta taɓa motsawa ba. Shi ya sa ba ya yanke hukunci da sakamako ɗaya, sai ya ga inda lambar ta dosa cikin watanni, a ɗakin gwaji guda, ya haɗa da gwajin CEA, wani sinadarin da sankara ke ɗagawa a jini, da na ALP, mai nuna halin ƙashi da hanta, da hoto, da abin da ita Yaya take ji a jikinta. A ganina wannan na ƙarshe ne dangi suka manta, domin ciwon bayan ya ragu har tana salla a tsaye.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kalsiyam, wanda ƙashi ke saki cikin jini idan sankara tana cinsa. An gargaɗe mu cewa yawan ƙishirwa, ko taurin bayan gida, ko ruɗewa, ko nauyin ƙafafu da kasa riƙe fitsari, ba abin jiran ranar asibiti ba ne. Za a fara yi mata ƙarin ruwan wani magani mai suna zoledronic acid don ƙarfafa ƙashi, amma sai likitan haƙori ya duba bakinta tukuna, saboda maganin yana iya taɓa muƙamuƙi.

Don Allah ki kira ta ranar Juma'a, kada ki tambaye ta lamba, ki tambaye ta barci da cin abinci. Za a sake gwajin wata mai zuwa, kuma ni da kaina zan sanar da ke in Allah ya yarda.

Wassalam,
aminiyarki.