Edita, wa ke kula da 'yan rabin aji?

Assalamu alaikum Edita, da fatan kana lafiya, ya aiki ya jama'a. Dan Allah ka ɗan ba ni fili a jaridar nan in yi magana a kan wasu bayin Allah da ba su da ƙungiya, ba sa zanga-zanga, ba sa jefa ƙuri'a, wato yaran nan 'yan shekara uku zuwa biyar da muke ce wa 'yan rabin aji. Kullum in aka tashi zancen ilimi a rediyo ko a jarida sai ka ji ana ta WAEC da NECO da JAMB da yajin aikin ASUU da tura ɗalibai karatu waje, duk suna da muhimmanci ban ce a'a ba, amma ni dai ban cika jin wani ya tsaya ya tambayi yadda ɗan shekara huɗu yake wuni a makarantar gwamnati ba. A wajen taro kuwa kowane babban baƙo in ya karɓi lasifika sai ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, a tafa masa, a watse, shikenan.

Ni malamar firamare ce a nan Kano kuma na daɗe a aikin, saboda haka abin da zan faɗa ba labari aka ba ni ba. A makarantu da yawa in ka shiga ka ce a nuna maka rabin aji, to ajin da ya fi kowanne lalacewa za a kai ka, wanda iska ta yaye kwanonsa ko wanda ba ƙofa ba taga, wani wajen ma baranda ce ko gindin darbejiya. Tabarma in akwai ta to ta yage, sauran yaran a ƙasa suke zaune cikin ƙura. Malamar da ake tura musu ita ce wadda aka rasa inda za a kai ta, ko wadda ta kusa ritaya ƙafa ta fara ciwo, ko mai jego da ta dawo da goyo, ko 'yar sa kai da ba a biyanta ko sisi. Ban ga laifinsu ba wallahi, mutum ɗaya ka tara masa yara cike da ɗaki kowa na kuka, wannan na jin fitsari, wancan an ƙwace masa silifa, babu banɗaki babu ko buta, me za ta yi in ba ta ɗauki tsumagiya ta ce kowa ya yi shiru ba? Sai a sa su maimaita ABCD da wan tu tiri da ƙarfi har muryarsu ta dashe, kafin ƙarfe goma rabinsu sun ɓingire da barci, ƙuda na bin baki, sai an tashi yayarsu 'yar aji uku ta zo ta goya ƙaramin ta ja hannun babban su tafi gida. Wai an je makaranta kenan.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne a takarda komai yana nan tsaf. Dokar UBE ta 2004, wato dokar ilimin matakin farko ga kowa, ta sa kula da ƙananan yara da iliminsu a cikin ilimin matakin farko da ya rataya a wuyan gwamnati, kuma ita ce ta ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya ake ba UBEC, hukumar tarayya mai kula da ilimin matakin farko, jiha ta kawo nata kason a haɗa mata ta yi aiki. A 2007 aka fito da manufa ta ƙasa musamman a kan rainon ƙananan yara. Kundin manufar ilimi na ƙasa na 2013 ya zo ya ƙara shekara ɗaya ta share fage kafin aji ɗaya, har ya faɗi cewa malami ɗaya yara 25 zai riƙe a wannan matakin, wajen rainon jarirai kuma 10. Yara 25 fa Edita! Ni dai zan so duk wani jami'in SUBEB, hukumar ilimin matakin farko ta jiha, da ya san makarantar gwamnati a cikin birnin nan da rabin ajinta yake da yara 25 ya kai mu mu gani mu ma mu yi koyi. Kuma sau nawa muke ji a labarai cewa jihohi sun bar biliyoyin naira jibge a UBEC saboda sun ƙi biyan nasu kason. A nan Kano an ce ilimi kyauta ne kuma dole a 2019, an zo an sa dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, mun ga an gyara azuzuwa an raba kaya a wasu wuraren kuma mun yaba, amma fenti da kujeru in sun zo daga manyan azuzuwa ake farawa, kafin a iso kan ƙananan kaya sun ƙare.

UNICEF ta daɗe tana faɗin cewa kusan kashi 36 cikin 100 ne kawai na yaran Najeriya 'yan shekara uku zuwa ƙasa da biyar suke samun wani ilimi na wannan matakin, kuma wannan lissafin ƙasa ne gaba ɗaya, an haɗa da Legas da Anambra, kowa ya san in aka ware Arewa abin zai fi haka muni. Shi ya sa yaro zai shigo aji ɗaya bai taɓa riƙe fensir ba, bai taɓa buɗe littafi mai hoto ba, a haɗa shi da wanda ya yi shekara biyu a nazare, malama ta bi mai ganewa ta bar shi a baya, a haka za a yi ta tura shi gaba har aji shida bai iya karanta sunansa ba, daga nan sai uba ya ce bokon nan ba ta da amfani gara ya bi ni kasuwa, yarinya kuma a ɗora mata farantin talla.

To masu ɗan hali sai su ce ai mu mun tsira tunda 'ya'yanmu suna makarantar kuɗi. Nan ma da sauran rina a kaba. Kowane lungu yanzu akwai nazare, gida mai ɗaki uku a rubuta Intanashinal a jikin bango, a ɗauko yarinyar da ta gama sakandare jiya a ce ita ce anti, albashin da ake ba ta ko kuɗin adaidaita ba zai ishe ta ba. Ɗan shekara uku a ɗora masa jaka kaman zai yi hijira, littafi takwas, ga aikin gida wanda kowa ya san uwar ce take yi da daddare, a sa shi e fo aful alhali bai taɓa ganin tuffa ba, ga mangwaro da goba da yalo a ƙofar makarantar ana sayarwa. In ya yi Hausa a ce ya yi laifi. Ƙarshen shekara a karɓi kuɗin giraduweshan a saka masa doguwar riga da hula a yi ta hoto ana sawa a Facebook. Mu iyaye mu ma da namu, in yaro ya dawo ya ce yau wasa muka yi da ƙasa da tatsuniya sai ran uba ya ɓaci ya ce kuɗina nake biya a yi min wasa? Alhali yaro a wannan shekarun da wasa yake koyo. 'Yar carafke lissafi ce da saita ido da hannu, gaɗa da tafa-tafa suna koya masa jera magana da jiran layinsa, tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi tana sa shi ya saurara ya riƙe labari daga farko har ƙarshe ya zo ya maimaita, kuma wanda ya iya wannan da harshen uwarsa ba ya wahalar koyon karatu, Turancin ma daga baya zai fi shigarsa.

Amma duk wannan zancen aji ne, matsalar tun daga gida take tasowa, tun daga ciki ma. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda rashin abinci mai gina jiki, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57 ne, wato fiye da rabi. Tsumburewa ba a tsayi kaɗai take tsayawa ba, har ƙwaƙwalwa take taɓawa, kuma yawancin ɓarnar tana faruwa ne daga ɗaukar ciki zuwa yaro ya cika shekara biyu. Yaron da zai zo min da safe ba abin da ya shiga cikinsa sai ruwan koko ba suga, ba kuɗin tara, ana tashi tara ya koma gefe yana kallon bakin masu cin awara, dan Allah wane ABCD zan koya masa? Shirin ciyar da 'yan makaranta da gwamnatin Buhari ta fara a 2016 'yan aji ɗaya zuwa uku aka yi wa, ƙananan da suka fi kowa buƙata ba sa cikin lissafi, sai dai mai rabon abinci in tana da tausayi ta ɗan kankaro musu ƙasan kula. Shi ma shirin an dakatar da shi a farkon 2024.

Kuma kar wani ya ce tallafa wa uwa abu ne na Turawa ba zai yiwu a nan ba, an yi shi a maƙwabtanmu. A Jigawa da Zamfara an yi wani shiri da kuɗin gwamnatin Birtaniya, ƙungiyoyin agaji na Save the Children da Action Against Hunger suka gudanar, a ƙananan hukumomin Buji, Gagarawa, Kiri Kasamma, Anka da Tsafe. Mace in ta samu ciki sai a riƙa ba ta naira 3,500 duk wata, daga baya aka mai da shi 4,000, har yaron ya cika shekara biyu, ana kuma zaunar da su har da mazajen ana yi musu bayanin shayarwa da tsafta da irin abincin da za a ba yaro. Da aka zo aka duba sai aka ga tsumburewa ta ragu a cikin yaran da iyayensu suka samu, matan ba kayan kwalliya suka saya da kuɗin ba kaman yadda wasu mazan suke ta faɗa, abinci suka saya, wasu suka ja jari suka sayi akuya. Abin tambaya shi ne mai ya sa sai baƙi sun zo da kuɗinsu za a yi irin wannan, in sun tattara sun tafi sai abin ya zama labari? Kaduna ta ba ma'aikatanta mata hutun haihuwa wata shida, abu ne mai kyau, amma mata nawa ne ma'aikatan gwamnati a cikinmu? Mai ƙosai da mai wankau da mai aikatau ba wanda zai ba su hutu, goya jaririn za su yi, ɗan shekara ukun kuma a bar wa yayarsa, ita ma ta rasa makarantar.

Ni roƙona ga gwamnati ba mai yawa ba ne. Kwalejojin ilimi namu suna yaye masu NCE da suka karanci ilimin ƙananan yara musamman, da yawansu suna zaune a gida ko suna sayar da atamfa a WhatsApp, a ɗauke su aiki a tura su rabin aji, kuma a hana hedimasta ya janye su ya kai aji shida dan kawai sun fi iya Turanci. A ba kowace malama mataimakiya ko da daga matan unguwa ce, wadda za ta kai yaro banɗaki ta wanke shi. In za a dawo da ciyarwa a fara da ƙananan. Sannan a daina yin kaman ba a san yaranmu suna zuwa makarantar allo da islamiyya tun suna shekara uku ba, can ne iyaye suka yarda da shi kuma can yaran suke, me zai hana a zauna da malaman a kai musu tabarmi da ruwa da littattafan hoto na Hausa, ma'aikatan lafiya su riƙa leƙawa suna auna damtsen yara suna duba katin rigakafi? Masu unguwanni da limamai su ma su sa baki, in liman ya faɗa a huɗuba cewa uba ya zauna ya yi hira da ɗansa ƙarami ko na ɗan lokaci ne bayan isha'i maimakon majalisa, za a ji shi fiye da yadda za a ji ni.

Ku kuma 'yan jarida Edita, dan Allah duk ranar da aka gayyace ku buɗe sabon ginin makaranta, in an gama yanka kyalle ku ɗan zagaya baya ku tambayi inda 'yan rabin aji suke zama, ku ƙirga su, ku tambayi malamarsu yaushe rabon da a kai ta bita, ku buga mana abin da kuka gani da hotonsa. Na gode da wannan dama, Allah ya ƙara ɗaukaka jaridarmu.

Taku,
Wata malamar firamare daga Kano