Wasiƙa Kan Yadin da Ya Sandare

Mutumina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Shirun ya yi yawa har ya fara zama abin kunya, sai ga hoton da ka turo. Ashe kai ma ka shigo harkar zane a kan yadi! Kai da kake cewa zanen da ba ya kwaikwayon siffar komai aikin ragwaye ne, yaro ma ya iya watsa fenti. To ga shi ka watsa, yadi ya sandare kamar kwali, kaloli sun haɗu sun zama ruwan ƙasa, kana tambaya me ya faru.

Ka haɗa rini da fenti lokaci guda ne, alhali halinsu ba ɗaya ba ne. Rini shiga cikin zare yake yi, yadi ya zauna da laushinsa, kuma idan ya bushe yana yin haske fiye da yadda ka gan shi a jiƙe. Fentin akirilik a saman yadi yake zama, yana bushewa ya ƙara duhu, kuma duk inda ya taɓa ya toshe zaren, rini ba zai sake shiga wurin ba. Saboda haka sai ka gama da rini tukuna, fenti ya biyo baya, allura a ƙarshe.

Fara da yadin auduga zalla. Idan da zaren roba a ciki, irin rinin nan na ruwan sanyi, Procion MX, ba ya kama shi, sai kala ta fito a koɗe. Wanke yadin da ruwan zafi da sabulu don sitacin kamfani ya fita. Sannan ka jiƙa shi minti 20 a ruwan sodar wanki, kofi ɗaya a lita 4, ba sodar girki ba, ta girkin ba ta da ƙarfin da ake so. Matse shi, shimfiɗa a kan leda, ka fara da kala mai haske ka tafi zuwa mai duhu, domin rini ba ya rufe abin da ke ƙasansa: shuɗi a kan rawaya kore zai ba ka, ko kana so ko ba ka so. Ruwan ƙasan da ya ɓata maka rai kuwa daga haɗuwar ja da kore ne, haka ma shuɗi da ruwan goro. Bar tazarar yatsu biyu tsakaninsu, su da kansu za su yaɗu su tarar da juna. Idan kana son layi mai kaifi, kaɗa rinin da garin aljinet, wato garin da ke sa ruwa kauri, har ya yi kauri. In ka gama, rufe da leda awa 24 a wuri mai ɗumi, kada ya bushe, don da zarar ya bushe rinin ya daina kamawa. Ɗauraye da ruwan sanyi tukuna, sannan na zafi. Sa safar hannu, ka rufe hanci lokacin auna garin. Na san ka da taurin kai.

  

Mu koma kan fenti. Kada ka tsinka akirilik da ruwa kawai, idan ruwan ya yi yawa gam ɗin da ke riƙe kalar yana raunana, sai ta riƙa gogewa. Akwai ruwan haɗi da aka yi musamman don yadi, bi awon da ke jikin kwalbar, ka shafa siriri, in ya bushe sarai ka goge ta baya da dutsen guga minti uku zuwa biyar. Fentin mai kuwa kada ya taɓa yadi tsirara, yana cin zare a hankali. Helen Frankenthaler, mai zane 'yar Amurka, wadda a 1952 ta fara zuba fentin mai da aka tsinka a kan kambas, wato yadin zane, wanda ba a yi masa shafin share fage ba, tabon mai ya riƙa fitowa a gefen kalolinta, kuma daga baya akirilik ta koma.

Abin da ya fi damuna a hotonka ba sandarewar ba ce. Ko'ina a yadin ihu yake yi, babu inda ido zai huta. Zaɓi kala uku, ɗaya ta mamaye, ɗaya ta tallafa, ta ukun ɗan kaɗan. Rataye aikin, ja da baya taku biyar, juya shi kai a ƙasa, sannan ka ɗauke shi hoto da waya ka mayar baƙi da fari. Idan duk ya fito toka iri ɗaya, to haske da duhu ne babu, ƙara kala ba zai gyara ba. Kuma kowane haɗi gwada shi a kan ƙyalle tukuna, ka rubuta awon a gefe.

Ɗinki shi ne zanen ƙarshe. Inda fenti ya yi kauri, ramin allura ba ya rufewa, don haka shata layin da alli kafin ka soka, ka yi amfani da allura mai lamba 100 idan da keke ne. A ganina faci ma zane ne. Bargon facin da mai zane Sonia Delaunay ta ɗinka wa ɗanta a Faris a 1911 yana cikin ayyukan farko na wannan salo na zanen da ba ya kwaikwayon siffar komai, saboda haka kada ka zubar da wanda ya sandare, yayyanka shi.

Akwai abin da na zauna don in tambaye ka, wallahi ya shige mini. Ka gaida Hajiya da yara, ka ce wa babban ya daina ɓoye maka buroshi. Turo hoton na gaba tun yana jiƙe, da kuma bayan ya bushe.

Naka har kullum.