Ka tambaye shi tukuna

Ɗana,

Ina fata kana lafiya, ya aiki ya hidimar matasa. Babanka na gaishe ka, ƙafar tasa da sauƙi.

Ƙanwarka ce ta ba ni labarin yaron nan makaho da ya fara zuwa cocinku a Sabon Gari, wai ya ce yana so ya shiga cikin mawaƙa sai kuka ce ya bari tukuna, kuka tara masa kuɗi a ambulan kuka kuma ajiye masa kujera can baya kusa da ƙofa don kar ya wahala. Na san da zuciya ɗaya kuka yi amma gaskiya abin bai min daɗi ba. Yaro ya zo muku da murya kun sallame shi da sadaka, haba.

Mu nan Kano mun saba ganin makaho da ɗan jagora da kwano a bakin danja, shi ya sa da mun ga mai sanda hannunmu sai aljihu. To ka buɗe Markus sura 10 ka karanta labarin Bartimawas a hankali. Yana zaune bakin hanyar Yariko yana bara yana kiran Yesu, kuma mutanen da ke tafiya tare da Yesun ne fa suka tsawata masa ya yi shiru, ba wasu baƙi ba. Yesu ya tsaya ya ce a kira shi, mutumin ya yar da mayafinsa ya zabura. Abin da ya fi tsaya min a rai, Yesu yana kallonsa, kowa ya san makaho ne, amma duk da haka sai da ya tambaye shi me yake so a yi masa. Ku wa ya tambayi yaron nan? Shi ma ya faɗa da bakinsa ba ku ji ba.

Kuma na san irin ƙus-ƙus ɗin da ake yi, wai jifa ne, ko iyayen sun yi wani abu. Almajiran Yesu ma haka suka tambaya a Yohanna 9 a kan mutumin da aka haifa makaho, Yesu ya ce ba shi ya yi zunubi ba, ba kuma iyayensa ba. Ka leƙa asibitin ido na ECWA da ke nan garin tun 1943 ka ga layi, yanar ido ce da hawan jinin ido, wasu kuma ƙyanda ce ta taɓa su suna ƙanana. Makarantar makafi ta Gindiri tun 1953 take koya wa yara karatu da yatsu. Har doka shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2019 ta hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, ai abin kunya ne a ce gwamnati ta riga coci.

Ran Lahadi in ka je wajensa ka faɗi sunanka kafin ka miƙa hannu, kuma da shi za ka yi magana ba da wanda ya rako shi ba, kunnensa lafiya lau. Kar ka fizge shi kamar kaya, ka ba shi gwiwar hannunka ya riƙe, in kun zo matakala ka gaya masa. Masu shara su daina canza wa benci wuri ba su faɗa masa ba, Littafin Firistoci 19:14 ya hana sa wa makaho abin tuntuɓe. Waƙoƙin kuma ku tura masa da murya ta WhatsApp. In ya rera bai yi ba ku gyara masa yadda kuke gyara wa kowa, ban da lallaɓawa.

In kun tashi gwajin waƙa ran Asabar ka zo min da shi gida, zan yi tuwon shinkafa da miyar taushe. Ka tuna ka taho da maganin babanka.

Mamanka