Amsa ga malamin da ya tambaye ni dalilin gudun kilomita 100

Assalamu alaikum Malam,

A wurin taron neman gudummawa ka miƙe a gaban jama'a ka ce, in dai taimakon 'yan mazan jiya nake nufi, me zai hana in zaro kuɗi in bayar, in huta da kwana ina gudu? Ranar na yi ta kame-kame, ga amsar da ta kamace ka.

Abin da ke aljihuna ba zai kai ko'ina ba. Amma da zarar na ce zan yi gudun da ya ninka na fanfalaki, wanda shi kansa kilomita 42.195 ne, sai kowa ya ce "don me?" Daga nan nake samun bakin yi musu bayanin sojan da ya dawo gida da hannuwa da ƙafafu lafiya, amma barci ya gagare shi, ƙarar buga ƙofa ta sa shi zabura, ya yi wa 'ya'yansa tsawa sannan ya shige ɗaki ya yi kuka. Wanda aka yanke wa ƙafa ana ganinsa, a tausaya masa. Shi wannan ba zai taɓa roƙo ba, domin an horar da shi a kan cije baki. Ka duba fa, sai a 1980, bayan yaƙin Biyetnam, ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sanya wannan ciwon firgici, da ake kira PTSD, cikin kundin cututtukanta.

Ba mu muka fara haɗa gudu da tunawa da soja ba. Vic Clapham, wanda ya yi Yaƙin Duniya na Ɗaya, shi ya kafa tseren Comrades a Afirka ta Kudu a 1921, kusan kilomita 90 tsakanin Pietermaritzburg da Durban, don tunawa da abokan yaƙinsa da suka mutu.

Wani wuri ɗaya kana da gaskiya: gudu ba ya warkar da kowa, kuma ciwon ƙafata na kwana uku ba ya kama ƙafar abin da suke ɗauke da shi shekara da shekaru. Shi ya sa duk abin da aka tara ke tafiya wajen biyan ƙwararrun masu duba su, takalmi da kuɗin rajista kuwa ni nake biya. Lissafin yana nan, ka zo ka duba duk ranar da ka so.

Wassalam.